Batirin Mota Da Inbata: Lissafin Riba Da Asara A Jalingo

JALINGO — Duk wanda ya bi titin Hammaruwa bayan sallar magariba a daren da babu wutar lantarki, zai ga shaguna iri uku. Akwai waɗanda suka rufe tun da sauran haske, akwai waɗanda janareta ke ruri a bakin ƙofarsu, sannan akwai waɗanda fitila ke ci, fanka na juyawa, amma ba a jin ƙarar komai. Idan aka leƙa ƙarƙashin tebur a irin waɗannan shaguna na uku, sau da yawa abin da za a tarar shi ne batirin mota da wani ɗan akwatin ƙarfe a gefensa, an haɗa su da waya biyu, ja da baƙa.

Wannan akwati shi ake kira inbata. A 'yan shekarun nan ya samu shiga wajen masu aski, masu cajin waya, masu sana'ar cire kuɗi ta POS, masu shagunan magani da ƙananan 'yan tireda a unguwanni irin su Sabon Gari, Magami, Mayo Gwoi da Nukkai. Tambayar da ta dace ɗan kasuwa ya yi kafin ya zuba jarinsa ita ce: wannan dabara tana rage kashe kuɗi ne, ko kuwa tana ɗage ranar biyan su ne kawai?

Yadda aka zo nan

Jalingo ta zama babban birnin jiha ne a ranar 27 ga Agustan 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanko Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola. Tun daga wannan lokaci garin ke bunƙasa, ma'aikata da 'yan kasuwa na kwararowa, amma samar da wuta bai tafi kafaɗa da kafaɗa da yawan jama'a ba. Wutar da garin ke sha tana yin doguwar tafiya: daga Jos zuwa Gombe, daga Gombe zuwa Yola, sannan ta gangaro Jalingo. Wanda ke ƙarshen layi kuwa shi ne farkon shan wahala idan wani abu ya samu layin, kuma shi ne ƙarshen samun sauƙi.

An ga haka ƙarara a watan Afrilun 2024, lokacin da Kamfanin Dakon Wutar Lantarki na Ƙasa, TCN, ya bayar da sanarwar cewa ɓarayin ƙarfe sun karya manyan turaku huɗu a kan layin Jos zuwa Gombe. Gombe da Yola da Jalingo suka shiga duhu na makonni, a daidai lokacin da zafi ya fi tsanani. A watan Oktoba na wannan shekarar kuma aka sake samun wani dogon duhu da ya mamaye yawancin jihohin Arewa, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da kuma matsalar da ta samu layin da ke kawo wuta daga Kudu maso Gabas ta Jihar Binuwai.

Rarraba wuta a Taraba yana hannun Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Yola, YEDC, wanda kuma ke kula da jihohin Adamawa, Borno da Yobe. Yana cikin kamfanonin da aka sayar wa 'yan kasuwa a 2013, amma ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 2015 saboda rikicin da ya addabi Arewa maso Gabas, kafin wani sabon mai zuba jari ya karɓe shi a farkon 2022.

A da, maganin ɗauke wuta shi ne ƙaramin janareta. Sai dai tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, lissafin ya sauya. Litar da ake sayarwa ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki a Arewa, ta kuma wuce Naira 1,000 a watan Oktoban 2024. Mai askin da a da ke tayar da janareta ba tare da ya duba aljihu ba, sai ya ga cewa kuɗin kai biyu ko uku na farko duk na gidan mai ne. Nan ne hankali ya karkata ga batir.

Aikin inbata

Batirin mota yana ajiye wuta ce mai ƙarfin bolt 12, wadda ke gudana ta fuska ɗaya, daga kai ɗaya zuwa ɗayan. Kayan gida kuwa an ƙera su ne don wutar da kamfani ke kawowa, mai ƙarfin bolt 230, wadda ke kai da komo sau 50 a cikin daƙiƙa guda. Aikin inbata shi ne ya karɓi ta farkon, ya sarrafa ta, ya ɗaga ƙarfinta, ya fitar da ita a siffar ta biyun. Inbata ba ya ƙirƙirar wuta. Abin da aka zuba a batir shi kaɗai zai fitar, kuma sai ya ci ladansa, wato kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na wutar da ta ratsa shi, wadda ke tafiya a matsayin zafi.

Wannan shi ne abu na farko da masu saye ke yawan kuskurewa. Mutum ya ga an rubuta wat 1,000 ko 2,000 a jikin kwali, sai ya ɗauka adadin wutar da ya saya ke nan. A gaskiya wannan lamba faɗin ƙofa ce kawai, tana nuna iyakar nauyin da inbata zai iya ɗauka a lokaci guda. Girman rumbun da ke bayan ƙofar kuwa yana rubuce ne a jikin batir. Daɗin daɗawa, a kan wasu ƙananan inbatocin masu araha, lambar da aka buga da manyan haruffa ta ƙarfin 'yan daƙiƙoƙi ce, ƙarfin da za su iya riƙewa na tsawon lokaci bai fi rabinta ba.

Lissafi da alƙalami

A ɗauki batirin mota mai amfiya 75, irin wanda ake samu a kowane shagon kayan mota. Idan aka ninka 75 da bolt 12, za a samu 900, ma'ana a kan takarda batirin zai iya ba da wat 900 na tsawon awa ɗaya. To amma batirin darma ba a son a sauke shi ƙasa da rabi, domin yin haka na gajarta masa kwana. Saura 450 ke nan. Idan inbata ya cire ladansa, abin da zai kai ga soket kimanin 380 ne. Wannan ita ce hajar da mai batirin ke da ita a kowane dare.

Magidancin da ya kunna fanka ta tsaye mai cin wat 55, da ƙwan fitila uku na zamani masu wat 9 kowanne, da talabijin da dikoda masu cin wat 60 a haɗe, ya ɗora nauyin wat 142. Idan aka raba 380 da 142, za a ga wutar za ta yi masa kimanin awa biyu da minti 40. Idan ya kunna da isha'i, kafin sha ɗayan dare ta ƙare.

Mai aski ya fi shi morewa. Injin aski mai wat 15, ƙwai biyu da ƙaramar fanka mai wat 40 sun tashi wat 73, abin da zai kai shi awa biyar. Mai cajin waya zai iya cika wayoyi 15 zuwa 20 na zamani. Mai POS kuwa, wanda bukatarsa ba ta wuce na'urarsa da wayarsa da ƙwai ɗaya ba, zai iya yin kwana biyu ko uku bai nemi caji ba.

Inda lissafin ke rushewa shi ne kan duk wani abu mai ɗumama ko sanyaya. Dutsen guga mai wat 1,000 zai zuƙi kusan amfiya 100 daga batirin, ya kuma cinye hajar dare guda cikin abin da bai kai minti 25 ba. Haka abin yake ga hita ta dafa ruwa da rishon lantarki. Firji kuwa, ko da yake ba ya cin wuta da yawa idan ya kama aiki, a lokacin tashi yakan fizgi ninki uku zuwa biyar na abin da ya saba ci, wanda hakan kan sa ƙaramin inbata ya yi kuka ya ɗauke. Saboda haka mai sayar da lemo da ruwan sanyi, ko mai ajiye kifi, bai kamata ya sa rai ga batirin mota guda ba.

Batirin mota ba don wannan aka yi shi ba

Batirin darma tsohuwar fasaha ce. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau tushen aikinsa bai sauya ba: faranta na darma ne jiƙe a cikin ruwan asid. Bambancin da ke tsakanin batir da batir yana ga kaurin farantan. Na mota an yi masa faranta sirara masu yawa, domin ya ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙoƙi a tayar da inji, daga nan altaneta ta mayar masa da ɗan abin da ya fita. Aikinsa kamar na ɗan tseren gajeren zango ne. Wanda ya ɗora masa fanka da talabijin dare bayan dare ya mayar da shi ɗan dako.

Sakamakon haka shi ne farantan su riƙa zubewa, wani farin gishiri kuma ya daskare a jikinsu, musamman idan batirin ya kwana biyu a sauke ba a yi masa caji ba. Batirin da zai yi shekara biyu ko uku a cikin mota, idan ana sauke shi sosai kowane dare, da wuya ya wuce caji 150, wani lokacin ma bai kai 50 ba. Alamar farko ita ce awoyi su fara raguwa: mai awa biyar ya koma uku, ya koma ɗaya.

Zafin Jalingo na ƙara ta'azzara lamarin. Ƙa'idar da masu ƙera batir suka sani ita ce, duk ƙarin maki 8 zuwa 10 a ma'aunin zafi sama da maki 25 na rage rayuwar batirin darma da rabi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan kusanci maki 40, shagon kwano da rana ya fi ƙarfin haka. Batirin da aka ajiye a irin wannan wuri yana tsufa ko da ba a taɓa shi ba.

Naira nawa kowane dare?

Da yake farashi ba ya zama wuri ɗaya, bari a yi amfani da misali, kowa ya sauya lambobin da na kasuwar ranar da zai saya. A ƙaddara an sayi batirin mota a kan Naira 60,000, ya kuma yi caji 120 kafin ya mutu. Kowane dare ya tashi Naira 500 ke nan, ban da kuɗin caji. Da yake abin da yake bayarwa bai kai kashi biyu cikin biyar na yunit guda ba, kowane yunit na wuta ya tsaya wa mai shi a kan fiye da Naira 1,300. Don kwatanci, lokacin da Hukumar Kula da Harkar Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ƙara wa 'yan rukunin Band A kuɗi a watan Afrilun 2024 har aka yi ta ƙorafi, Naira 225 ta mayar da yunit.

A ƙaddara kuma an sayi babban batirin da aka ƙera musamman don inbata, mai amfiya 200 da faranta masu kauri, a kan Naira 300,000. Rabin cajinsa zai ba da kimanin yunit guda cif, kuma idan an kula da shi zai iya yin caji 1,000. Kowane yunit ya tashi Naira 300. Wato wanda ya biya ninki biyar a ranar saye, shi ke shan wuta a kan ƙasa da rubu'in abin da mai batirin mota ke biya. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Batiran litiyam, waɗanda suka fi tsada a ranar saye, suna yin caji 2,000 zuwa sama, kuma ana iya sauke su fiye da rabi ba tare da sun lalace ba.

To amma adalci shi ne a kwatanta da janareta ma. Ƙaramin janareta kan sha kimanin rabin lita a awa. Awa biyar ɗin mai aski za su ci lita biyu da rabi, wato Naira 2,500 idan lita tana Naira 1,000, ban da baƙin mai da kuɗin gyara. Idan aka ajiye wannan kusa da Naira 500 ta batirin mota, za a fahimci dalilin da ya sa dabarar ta yaɗu. Ga mai ƙaramin nauyi, batirin mota ya fi janareta sauƙi nesa ba kusa ba, ko da yake ya fi batirin inbata tsada idan tafiya ta yi nisa.

Abin da ke hana ƙaramin ɗan kasuwa tsallakawa zuwa babban batir shi ne kuɗin farko. Galibin inbatoci da batira shigo da su ake yi daga Sin da Indiya, kuma Dalar Amurka da ke kimanin Naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023 ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Ga kuɗin dako daga Legas ko Anacha ko Kano zuwa Jalingo na kaya mai nauyin darma. Nan akwai kasuwa ga dillalai da ƙungiyoyin adashe da ƙananan bankuna: wanda ya iya tsara biya kaɗan-kaɗan, daidai da abin da mai shago ke kashewa a mai kowane mako, ba zai rasa masu saye ba.

Caji da zaɓen inbata

Batir sai da caji, wannan kuwa ita ce matsalar da dogon duhun 2024 ya fito da ita fili. Mayar da rabin cajin batir mai amfiya 75 da caja mai amfiya 7 ko 8 na bukatar awa biyar zuwa shida na wuta. Idan wutar ba ta zo ba, sai a kai shi wajen masu caji da janareta a biya, ko a ɗora shi a mota. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce faifan sola. Mai wat 150 zai iya mayar da abin da aka ci a dare cikin yini guda mai rana sosai, muddin an sa na'urar daidaita caji a tsakani, ana kuma goge ƙurar hunturu daga fuskarsa.

Inbatoci kuma iri biyu ne. Masu araha suna fitar da wuta mai tsalle-tsalle, wadda ƙwan fitila da yawancin cajojin waya ke karɓa ba matsala, amma takan sa fanka gurnani da zafi, ta kuma gajarta kwanan firji da injin aski mai jijjiga. Masu tsada suna fitar da wuta mai santsi irin ta kamfani. Duk wanda zai ɗora abu mai inji a ciki, ko na'urar awon asibiti, na biyun ya kamace shi. Haka kuma ya tabbatar inbatan na ɗaukewa da kansa idan batir ya yi ƙasa. Wanda ya mallaki ƙaramar mita zai iya dubawa da kansa: batirin da ya huta yana nuna bolt 12.6 idan ya cika, idan ya sauko kusa da 12.1 ya kai rabi, lokacin kashewa ya yi.

Haɗuran da ba a gani

Da yake bolt 12 ba ya jan mutum, mutane na raina batir. Amma idan spana ko tsinken ƙarfe ya haɗa kawunansa biyu, wutar da za ta bi ta isa ta narkar da ƙarfen. Siririyar waya da aka ɗora wa amfiya 50 za ta yi zafi har robarta ta kama. Don haka dole wayar da ke tsakanin batir da inbata ta kasance gajera mai kauri, da fis a kusa da kan batirin. A shagon da ke cike da atamfa ko katifa ko jarkokin mai, a cikin kasuwa mai cunkoso kamar Babbar Kasuwar Jalingo, sakacin mutum ɗaya na iya cinye dukiyar layi guda.

Batiri mai ruwa yana fitar da wata iska mai kamawa da wuta idan ana yi masa caji, saboda haka ba a ajiye shi a ɗakin kwana a rufe, ko kusa da risho da kyandir. Idan ruwansa ya ragu, tataccen ruwa ake ƙara masa, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ba. Wanda ya bar batirin a cikin mota ya tayar da inji don kada ya sauka, kada ya yi haka a rufaffen gareji ko kusa da tagar ɗaki, domin hayaƙin na kisa ba tare da an ji warinsa ba. Soket ɗin kunna sigari na mota kuma bai ɗaukar fiye da wat 120 zuwa 150. Abu mafi muni shi ne cusa wutar inbata a cikin wayoyin gida ba tare da makunnin sauya layi ba: ranar da aka kawo wuta inbatan zai ƙone, kafin nan kuma ma'aikacin da ke gyara a kan fal yana cikin haɗari.

Mataccen batir ma haja ne, domin 'yan gwangwan na sayensa saboda darmar da ke ciki. Sai dai fasa shi a bayan gida a zubar da ruwan a kwata na barin guba a ƙasar da yara ke wasa. Arewa ta san illar darma tun 2010, lokacin da ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan haƙar zinari na Jihar Zamfara. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idojin kula da batira a ƙarƙashin hukumar NESREA. Mafi dacewa shi ne a mayar da tsohon batir ga dillali yadda yake, a rage kuɗin sabo.

Abin da ke gaba

Abin da ke ci wa mutanen Taraba tuwo a ƙwarya shi ne, jiharsu na cikin waɗanda Allah ya fi hore wa ruwan samar da wuta. Aikin Mambila a Ƙaramar Hukumar Sardauna, wanda aka tsara zai ba da megawat 3,050, ana maganarsa tun shekarun 1970. An amince da kwangilarsa ta kimanin Dala biliyan 5.8 a 2017, amma shari'a da rashin kuɗi sun dabaibaye shi. Madatsar Kashimbila a Ƙaramar Hukumar Takum, mai megawat 40, an ƙaddamar da ita a watan Mayun 2023. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 kuma ta bai wa jihohi ikon kafa nasu kasuwannin wuta.

Kafin waɗannan su kai ga soket ɗin mai shago a Mayo Gwoi, batir zai ci gaba da zama a ƙarƙashin tebur. Wanda nauyinsa bai wuce wat 100 ba, jarinsa kuma bai kai ga babban batir ba, zai iya farawa da na mota, ya tsaya a rabin caji, ya riƙa ware bambancin kuɗin man da ya daina saye. Idan ya daure da hakan na 'yan watanni, ranar da batirin motar ya mutu, kuɗin wanda aka yi don aikin suna hannunsa.